Ni Kaɗai Na Ci Tuwon Ranar, Ni Kaɗai Aka Kora

Zuwa ga Shugaban Hukumar Gudanarwa ta Kwalejin Horon Malamai da ke nan yankinmu na Kafanchan.

Ranka ya daɗe, Baba,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, da Mama, da dukan gida. Na ji an ce ido yana damunka kwanakin baya, Allah ya ƙara sauƙi.

Sunana Rifkatu, matar Yohanna mai aikin reluwe. Ka san ni, ko da yake yaran da suka bi ta hannunka sun yi yawa. Ni ce 'yar Dogo ta Fadan Kaje, wadda ka koya wa lissafi a aji shida lokacin kana hedimasta. Wannan ce wasiƙata ta uku zuwa gare ka. Biyun farko na rufe su a ambulan na miƙa wa akawun koleji hannu da hannu, har yau ban ji ko tari ba. Ban sani ba ko sun iso ka. Shi ya sa wannan na bar ta a buɗe, na kuma aika kwafinta ga jarida, domin in ba ta zo ta ƙofar ofis ba, ta zo ta bakin mutane. Ka gafarce ni in hakan ya yi maka nauyi. Yau mako bakwai ke nan ina zaune a gida, jarrabawar ƙarshe saura mako biyar, kuma a ƙarshen watan nan za a aika sunayen masu rubutawa. Ba ni da sauran lokacin yin kunya.

Na farko: wadda aka kora.

Shekarata talatin da huɗu, 'ya'yana huɗu. Na yi shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a firamare da ƙaramin satifiket, yawanci a aji ɗaya da aji biyu, inda ba kowane malami ke son zuwa ba. Da gwamnati ta ce kowane yaro zai shiga makaranta kyauta, aka ce ana bukatar malamai masu satifiket mai daraja ta biyu, sai na ajiye alli na koma kan benci. Irina muna da yawa a kolejin: masu aure, masu goyo, tsofaffin sojoji, har da wani dattijon ikkilisiya mai furfura a gemu. An haɗa mu aji ɗaya da yara 'yan shekara goma sha bakwai. Na ɗinka yunifom na sa. Na yanka ciyawa da langalanga. Wani firifet da na tabbata na girmi uwarsa ko mun yi sa'a ya sa ni wanke kwata saboda na makara minti biyar, na wanke. Ka duba littafin horo na koleji, shekara biyu babu sunana a ciki sai wannan. Na faɗi haka ne don kada a ce mace ce mai girman kai da ta kasa zama ɗaliba.

Na biyu: jerin koyarwar gwaji.

Kamar yadda ka sani, 'yan ajin ƙarshe sukan fita mako shida zuwa makarantun firamare su koyar, malaman koleji kuma su bi su suna ba su maki. Wanda ya faɗi a nan, ko ya cinye sauran takardu duka, ba shi da satifiket. Wata Juma'a a zangon da ya wuce aka manna jerin a allon sanarwa. Muna karantawa muka gane yadda aka yi shi. An riƙe rajistar aji a hannu ɗaya, sunayen makarantu a ɗaya hannun, aka bi su layi bayan layi. Ba a tambayi kowa yaren da yake ji ba, ko lafiyar jikinsa, ko wa ya bari a gida.

Mutum biyu zan ambata, ban da kaina.

Kande yarinya ce 'yar Kagoma, shekararta goma sha takwas, tana da ƙoƙari ƙwarai. Tana jin yarensu, da Hausa, da Turanci. An tura ta wani ƙauye bayan Fadan Kaje, aka ba ta aji ɗaya. Baba, ka san ƙauyukan nan fiye da ni. Yaron da ya shigo aji ɗaya a can, in ka cire "sannu" da "na gode", ba ya jin komai sai yaren Kaje. Ni kuwa, da aka haife ni mil uku daga ƙauyen, aka tura ni Jere, garin da kowa ke jin Hausa, inda kuma yayar Kande take aure.

Malam Isiyaku ɗan gidan 'yan kasuwa ne na nan Kafanchan, kakanninsa ma a nan aka binne su. Ya yi soja lokacin yaƙi, ya dawo da ƙarfe a cinya, yana tafiya yana jan ƙafa. Shi aka tura makarantar da ke kan dutse, wadda babu masauki a kusa da ita sai a gindin dutsen, kullum a hau da safe a sauko da rana.

Na uku: taron gindin mangwaro, wanda yanzu ake kira taron asiri.

Washegari Asabar, bayan aikin gona, da rana tsaka, muka zauna gindin mangwaron da ke bayan ɗakin cin abinci. Na sanar da malamin da ke kan aiki a ranar. Ya ce shi ba ruwansa, amma bai hana ba. Babban firifet yana wurin. Kowa ya tashi ya faɗi yaren da yake ji da abin da ke damunsa, in akwai. Yawanci suka ce inda aka tura su ya yi musu. Mutum goma sha huɗu ne kawai ke neman musanya, kuma kafin a buga ƙararrawar wanka kowannensu ya sami abokin musanya da yardarsa. Ni da Kande muka musanya. Wani saurayi ɗan Kagoro ya ce shi a kan dutse aka haife shi, ya karɓi wurin Malam Isiyaku yana dariya. Babu makarantar da ta rasa malami, babu wadda ta sami biyu. Aka ce ni zan rubuta, domin na fi kowa shekaru a mata kuma rubutuna ya fi fita. Na rubuta takardar roƙon a amince da musanyar, kowa ya sa hannu.

Ranar Litinin ni da Malam Isiyaku muka kai wa Firinsifal. Muka gaishe shi, muka tsaya. Ya karɓi takardar da yatsu biyu, ya dubi kanta, bai buɗe shafi na biyu ba. Abin da ya ce ban manta ko kalma ɗaya ba: "Malama Rifkatu, a gidanki ke uwa ce. A nan lamba ce ke a rajista. Ranar da ɗalibai za su fara tsara mini aiki, ranar zan miƙa musu makullin ofis." Na ce, "Ranka ya daɗe, ba makulli muke nema ba. Ka karanta kawai." Malam Isiyaku ya ce, "Yallaɓai, ni an saba ba ni umurni, zan hau dutsen. Amma yarinyar nan, Kande, a dube ta." Firinsifal ya sa takardar a aljihun tebur, ya ce mu koma aji.

Ba zan yi masa ƙarya ba. Firinsifal ba ɓarawo ba ne, ba rago ba ne. Shi ne na farko a asambile kullum, kuma a zamaninsa aka gama ɗakin karatu. Ina jin tsoro ne yake yi. Yana jin labarin makarantun da ɗalibai suka farfasa tagogi, sai ya ɗauka duk bakin da ya buɗe, dutse ne zai biyo baya. Amma tsoron nasa wasu ne suka ɗauki nauyinsa.

Na huɗu: abin da ya biyo baya.

Kowa ya tafi inda aka tura shi. Na bar yarana wurin ƙanwar mijina na hau lori zuwa Jere.

Abin da ya sami Kande, ita ta gaya mini da bakinta, hedimastan makarantar kuma ya tabbatar mini daga baya. Ajinta rumfar zana ce, yara sun fi sittin, suna zaune a kan tubali. A mako na biyu malamin koleji ya zo ba ta maki, ya zauna a baya da littafinsa. Shi ma ba ya jin yaren Kaje. Tana tsakiyar darasi sai wata yarinya 'yar shekara shida ta fashe da kuka, tana riƙe da hannunta, tana maimaita kalma ɗaya. Kande ta tambaye ta da Hausa, ba amsa sai kalmar nan. Sauran yaran suka ɗauka, suna ta faɗin kalmar suna nuna ƙasa. Kande ta ɗauka kukan sabon shiga ne, irin na masu neman komawa gida, ga kuma mai ba da maki yana kallo. Ta buga bulala a tebur ta ce a yi shiru. Yarinyar ta yunƙura za ta fita, Kande ta kama kafaɗarta ta mayar da ita kan tubalin. Sai da hedimasta ya jiyo daga wani aji ya sheƙo a guje. Kunama ce ta harbe ta, tana nan ƙarƙashin tubalin da aka mayar da ita.

Baba, kalmar nan ni da kai mun san ta tun muna goye.

An kai yarinyar disfensare a kan keke. Ta rayu, mun gode wa Allah. Amma ba ta sake taka makarantar ba, kuma gida uku suka janye 'ya'yansu mata, suka ce ba za su ba baƙuwar da ba ta jin kukan yaro amanar 'ya'yansu ba. Hedimastan ya ce mini shekara biyu ya yi yana bin gidajen nan kafin su yarda su sake yaran. Malamin koleji ya rubuta cewa Kande ba ta iya riƙe aji ba, ya kayar da ita.

Malam Isiyaku ya hau dutsen kwana goma sha ɗaya. A na goma sha biyu tsohon raunin ya buɗe, aka kwantar da shi a asibiti. Ranar da aka je ba shi maki ba a same shi ba, aka rubuta cewa bai zo aiki ba.

Ni kuwa a Jere na sami maki mai kyau. Ban taɓa karɓar yabon da ya yi mini ɗaci kamarsa ba.

Na biyar: ranar tuwo.

Da muka dawo, koleji ta ɗauki zafi. Samari suka fara maganar farfasa gilashin ofis. Ni da Malam Isiyaku, yana dogara sanda, muka bi su ɗaki ɗaki muna ba su haƙuri. Na ce musu a sake rubutawa. Na rubuta takarda ta biyu, na miƙa ta hannun Mataimakin Firinsifal. Abu biyu ta roƙa: a sake duba makin Kande da na Malam Isiyaku, a kuma yarda ɗalibai su zaɓi mutum biyu daga kowane aji waɗanda za su riƙa zama da hukumar koleji sau ɗaya a wata. Babu zagi a cikinta, babu barazana. Tana hannun Firinsifal, ka ce a nuna maka.

Kwana goma shiru. Sai ɗalibai suka yanke cewa ranar Laraba ba wanda zai ci abincin rana. Na tashi a taron na ce ban yarda ba. Na ce, "In kun ƙi cin abinci, za a daina maganar Kande a koma maganar tuwo." Wani yaro daga baya ya ce, "Mama ta tsufa, tsoro take ji." Aka yi dariya, aka wuce ni.

Ranar Laraba aka buga ƙararrawa. Ɗalibai suka fito da kwanukansu, suka zauna a kan ciyawa gaban ɗakin cin abinci, suka kife kwanukan. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya ɗauki dutse. Ni na ɗauki kwanona na ratsa ta tsakiyarsu na shiga. Mama Asabe, shugabar masu dafa abinci, ita ta zuba mini tuwon masara da miyar karkashi, ta ce, "Malama, ke kaɗai?" Na ce, "Ni kaɗai." Na zauna a dogon tebur na ci, ina jin abin da ake kirana a waje: ƙaramar Firinsifal, 'yar rahoto. Na cinye tuwon duka. Da na fito na haɗa ido da Kande, ta kau da kai. Har yau ba ta yi mini magana ba.

Washegari a asambile Firinsifal ya ɗaga takardu biyu sama, ya ce kowa ya gani, hannu ɗaya ne ya rubuta su, kuma mai hannun ita ce uwar tawaye. Ya kira sunana. Na fito gaban koleji duka, har da yaran da na taɓa koya wa a, b, c a firamare. Ya ce an dakatar da ni har sai an neme ni, in kwashe kayana kafin awa ɗaya. Na ɗaga murya na ce, "Ranka ya daɗe, a tambayi Mama Asabe wa ya ci abinci jiya." Ya ce ba a ba ni izinin magana ba. Wannan ɗaga murya na amsa laifinta. Ita kaɗai na amsa.

Na shida, kuma shi ne ya fi ci mini rai.

Bayan mako biyu Hukumar Gudanarwa ta zauna, ta tabbatar da hukuncin. Takardar ta zo mini gida. Tun kafin in karanta na gane sa hannun da ke ƙasa, domin na sha ganinsa a katin sakamakona ina yarinya. Baba, kun zauna a kaina awa nawa ban sani ba, amma ba ku kira ni ba. Ba ku kira Mama Asabe ba. Malam Isiyaku ya zo da sandarsa ya tsaya a baranda tun safe yana roƙon a bar shi ya ba da shaida, aka ce masa ɗalibi ba ya shiga zaman Hukuma. Bakin mutum ɗaya kuka ji. A ikkilisiya, ko akuya ce ta ci dawar wani, dattawa ba sa yanke magana sai sun ji mai akuya. Kai dattijo ne a can. Me ya canja da ka zauna a kujerar koleji?

Takardar ta ce za a iya mayar da ni in na sa hannu cewa ni na zuga ɗalibai, in kuma rubuta sunayen mutum biyar da suka taimake ni. Mijina ya karanta ya ce, "Rifkatu, ki sa hannu kawai. Takarda ce. Wa zai tuna bayan shekara biyu?" Ba mugun mutum ba ne, ya gaji ne da ganina haka. Na ɗauki biro sau biyu. Amma ban zuga kowa ba, kuma sunaye biyar ɗin yara biyar ne da iyayensu suka sayar da doya suka kawo su. Ba zan sa ba.

Ka bar ni in gaya maka yadda zaman yake. Ina tashi da asuba kamar mai zuwa aji, in shirya yara, su tafi, sai gida ya yi mini faɗi. In share tsakar gida, in dawo in sake sharewa. In buɗe littafin dabarun koyarwa, in karanta shafi ɗaya sau uku ban san abin da ke ciki ba. Jirgin ƙasa na Jos ya wuce, in san yanzu ana darasin lissafi. Na kudu ya shigo, in san an fita hutun rabin rana. A zumuntar mata ana yi mini addu'a da murya mai taushi kamar wadda aka yi wa rasuwa, a bayan majami'a kuma ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Babban ɗana yana aji shida. Ya dawo ran nan ya ce wani ya gaya masa an kori uwarsa don rashin kunya. Ya tambaye ni ko gaskiya ne. Na fara ba shi labarin tun daga jerin, sai na ga ya yi masa tsawo, na ce ya je ya ci abinci.

A cikin wannan zama ne na tuna wani abu da ban so tunawa ba, zan kuma faɗa don kada in zama mai nuna yatsa kawai. Shekarun baya, a ajina, akwai wata yarinya da kullum take barin wurinta ta koma gefe. Na hana ta, ta sake. Ta ce mini ba ta ganin allo daga can. Na ce ƙarya take, surutu take nema, na yi mata bulala uku. Bayan wata guda na zauna a wurin nata ina gyaran littattafai, na ɗaga kai, sai na ga hasken taga ya wanke rabin allon fes, ba a ganin komai. Layi guda na yara sun yi zango biyu suna kwafar abin da ba sa gani, ita kaɗai ta yi ƙarfin halin faɗa, ita kaɗai ta sha bulala. Na matsar da allon, amma ban taɓa ba ta haƙuri ba. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa tambayar aji ko da sau ɗaya yadda suke ganin wani abu ba. Haka aka koya mana, haka muka koyar. Yanzu kuma kolejinku tana shirin sakin ɗaruruwan malamai cikin ƙauyuka, kowannensu ya ga da idonsa abin da ake yi wa wanda ya buɗe baki. Me kake tsammani za su yi wa yaron da ya ɗaga hannu?

Na san abin da za a ce. Za a ce in aka ba ɗalibai kujera yau, gobe za su nemi zaɓen malamai, jibi su rubuta wa kansu jarrabawa. Ba mu nemi wannan ba. Abin da za a koya mana da yadda za a gwada mu, na malamai ne, sun fi mu sani. Amma akwai abubuwan da mu muka fi kowa sani, don mu ke kwana a cikinsu. Mu muka san famfon ɗakin mata yana ƙafewa kafin na maza. Mu muka san ana rufe ɗakin karatu daidai lokacin da masu goyo suke samun sarari. Mu muka san wa ke jin wane yare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Firifet ba ya iya kai wannan magana, domin ofis ne ya naɗa shi, ofis ne kuma zai tuɓe shi. Aikinsa ya sauko da magana ne, ba ya hau da ita ba. Kuma ka lura, Baba, ɗalibai ba su kife kwano a ranar farko ba. Sun rubuta, aka sa a aljihun tebur. Sun sake rubutawa, aka yi shiru kwana goma. Da akwai inda za a zauna a ce musu ko da "a'a, ga dalili," da kowa ya ci tuwonsa ranar Laraba.

Saboda haka ina roƙon waɗannan, da dukan ladabi:

Ɗaya. Hukuma ta sake zama kafin ƙarshen wata, ta kira ni, ta kira Mama Asabe da Malam Isiyaku, a kuma kawo takardun nan biyu a karanta su a fili tun daga farko har ƙarshe. In bayan haka kun ga ni na zuga, ku kore ni gaba ɗaya, ba zan sake rubuta wa kowa ba.

Biyu. Kafin nan, kada a cire sunana daga cikin masu rubuta jarrabawa.

Uku. A sake gwada Kande a ajin da take jin yaren yaransa, a sake gwada Malam Isiyaku a makarantar da ƙafarsa za ta kai shi. Wannan ko an mayar da ni ko ba a mayar ba. Kande ta daina zuwa ɗakin karatu, an ce mini tana maganar komawa gida. Yarinyar malama ce ta gaske, kada a yi asararta.

Huɗu. Nan gaba, kafin a manna jerin koyarwar gwaji, a ba kowane ɗalibi 'yar takarda ya rubuta yaren da yake ji da lalurar da yake da ita. Aikin rabin yini ne.

Biyar. A yarda da wakilan ɗalibai, biyu daga kowane aji, waɗanda ɗalibai suka zaɓa da kansu, mace da namiji, a kuma tabbatar akwai Kirista akwai Musulmi a cikinsu. Su zauna da hukumar koleji sau ɗaya a wata, a rubuta abin da aka faɗa, a manna a allon sanarwa tare da amsar da aka ba su. Duk ranar da za a yanke wa ɗalibi hukunci kuma, a bar shi ya tsaya ya yi magana tukuna.

Shida. Wani daga koleji ya je ƙauyen nan ya gaishe da iyayen yarinyar da kunama ta harba. Har yau ba wanda ya je. In an rasa mai jin yaren, ni zan raka shi.

Abu na ƙarshe, don kada ka ji shi a bakin wani ka ce na yi maka ba zata. Na gaji da share tsakar gida. Ranar Litinin mai zuwa zan sa yunifom, in ɗauki littattafaina, in zo ƙofar koleji kafin a buga ƙararrawar asambile. Ba zan zo da kowa ba, ba zan yi hayaniya ba, ba zan ture mai gadi ba, domin shi ma aiko shi aka yi. In ya hana ni shiga zan zauna a bakin hanya in yi karatuna har a tashi. Talata ma haka, Laraba ma haka. Hanyarka ce ta zuwa gari, Baba. Ina roƙonka, in ka zo wucewa, ka sa a tsayar da mota.

Ubangiji ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, ya ba ka hikima a kan wannan kujera da aka ɗora maka. Ya ba Firinsifal kwanciyar rai, ya kiyaye kolejin da dukan waɗanda ke cikinta, malamai da ɗalibai da masu dafa mana abinci. Ka gaishe mini da Mama.

Wassalam.

Ni ce 'yarka,
Rifkatu Yohanna,
'yar ajin ƙarshe,
Kafanchan.